Folish ne farko ko wakis? Kuma yaushe ya dace a yi kowanne?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana harkar fenti da wankin mota ina neman ƙarin haske. Ina da Corolla 2010 baƙa, fentin kamfani ne ba a taɓa fesa ta ba sai bamba ta gaba. Kwanan nan na lura idan rana ta haska ta sai ka ga wasu siraran layika masu zagaye a kan bonet da but, ƙyallin ma ya ragu sosai. Yaron da ke min wanki ya ce a fara shafa mata wakis yanzu, in ya so bayan sati biyu in dawo a yi folish, wai wakis ɗin zai tausasa fentin. Shi kuma maƙwabcina ya ce a'a folish ake fara yi amma sai an bar motar ta kwana uku ta huta kafin a sa wakis. To ni dai kaina ya ɗaure. Wanne ne farko? Tsakaninsu akwai jira ko babu? Sannan ga hunturu na tafe, in yi yanzu ko in bari sai ƙura ta wuce?

Mai_Fenti_Panteka:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai folish ne farko wakis ne ƙarshe, duk wanda ya san aikin haka zai ce maka. Folish gurza yake yi, akwai ƙananan ƙwayoyi a cikinsa da suke cin saman kiliya, wato fentin nan marar launi mai ƙyalli da ake rufe launin mota da shi, kaɗan-kaɗan har wajen ya daidaita layikan nan su ɓace. Wakis kuma ba ya gyara komai, hawa sama kawai yake yi ya tare ruwa da rana da datti. In ka sa wakis yau ka dawo bayan sati biyu aka yi folish, folish ɗin zai kwashe shi tas tun a gogar farko, kuɗinka ya tafi a banza. Kamar kafinta ne ya shafa wa ƙofa banish sannan ya ɗauko samfefa. Maganar wai wakis na tausasa fenti kuwa babu ita, in da yana tausasawa ai da ba wanda zai yarda a sa wa motarsa.

Direban_Sharon:
Gaskiya ne oga. Folish sannan wakis.

Baban_Ilham:
Na gode Malam. To batun kwana ukun fa?

Mai_Fenti_Panteka:
Shi ma babu shi a fentin kamfani. Kana gama folish ka goge jikin da tsumma mai tsafta ka sa wakis a ranar, in da hali ma a awar. Bayan folish fentin a buɗe yake babu komai a kansa, in ka bar ta kwana uku a Kano ko Kaduna ƙura za ta hau, tsuntsu ya yi kashi, sai ka sake wankewa kafin ka sa wakis, kuma wajen wankin ne ake mayar da layikan da ka biya kuɗi aka cire. Ina jin maƙwabcinka ya haɗa da maganar sabon feshi ne, shi wannan daban.

Maman_Afnan:
Slm. Ni kuma wani gwangwani maigida ya sayo min, a jikinsa an rubuta yana gogewa kuma yana sa wakis duk a lokaci ɗaya, shi nake bayarwa ana shafa wa Camry ɗina kuma tana ƙyalli ba laifi. Shi wannan a ina ya faɗa, farko ko ƙarshe?

Injiniya_KD:
Hajiya naki shi ne mai haɗi, akwai ɗan abin gurza mai laushi a ciki da wakis tare, kamfanin Meguiar's suna da irinsa kamfanin Turtle Wax ma suna da shi. Shi kaɗai ake sa shi bayan wanki, ba ya buƙatar folish a gabansa. Abin da za ki kiyaye kawai kada a ɗora shi a kan wani wakis mai kyau da aka riga aka sa, don zai cire na ƙasan. Kuma ba ya fitar da layika masu zurfi, ga wanda motarsa ke da lafiya yake son ta riƙa haske ba tare da wahala ba.

Amma bari in ƙara kan abin da Mai_Fenti ya faɗa, don akwai matakin da mutane suke tsallakewa kuma shi ne yake ɓata aikin. Ba daga wanki ake faɗawa folish kai tsaye ba. Bayan ka wanke motar ta bushe, sa hannunka cikin leda siririya ka shafa bonet a hankali, in ka ji tsakuwa-tsakuwa to akwai abin da ya manne a fentin wanda sabulu bai fitar ba, kwalta ce ko ƙurar birki ko ƙaron itace ko feshin fentin wani gini da iska ta kawo. Wannan da kile ake cire shi, wani abu ne mai danƙo da ake murzawa a hannu a fesa ruwan sabulu a jikin motar a riƙa jan sa a hankali yana tsince dattin. In ba ka yi haka ba soson injin folish ne zai kwashi tsakuwoyin nan ya riƙa juya su a kan fentinka. Kuma in kile ɗin ya faɗi ƙasa to jefar da shi, ya kwashi yashi ke nan ba ya wankuwa.

Tsarin dai: wanki, cire kwalta, kile, kampawun (abin gurza da ya fi folish kaushi) in karcen ya yi zurfi, folish, gogewa, sai wakis.

Dan_Gwale:
Injiniya duk wannan don mota kawai? Mu dai tun muna yara muke ganin ana wanke mota da omo a goge da tsumma kuma motocin sun yi shekara ashirin suna tafiya

Injiniya_KD:
Tafiya kam za su yi ɗan'uwa, inji ne ke tafiya ba fenti ba. Amma duba saman motocin nan da bonet ɗinsu ka ga yadda suke yin fari-fari suna ɓarewa. Kuma ranar sayarwa dillali da jikin zai fara karya maka kuɗi.

Tsohon_Direba:
Yaro Dan_Gwale ba ka yi ƙarya ba amma fentin da ba irin na yanzu ba ne. Na daɗe ina tuƙa Fijo 504 da 505 a gidan da na yi aiki, su waɗannan launin ne a waje babu kiliya a sama, in ka goga folish sai ka ga tsumman ya rine da launin motar, in ja ce ya yi ja. Fentin in ya dushe kana gogewa sabo zai fito daga ƙasa. Na yanzu kuwa launin siriri ne aka rufe shi da kiliya, ita ce ke ƙyallin, in ta ƙare shi ke nan sai feshi. Don haka abin da muka yi a da ba duka ne zai yiwu a motar yau ba. Wasu fararen Toyota ma har kusan yanzu haka suke babu kiliya, in ka goga sai ka ga fari a soso.

Mai_Fenti_Panteka:
Allah ya ƙara girma Baba, haka yake. Amma mai baƙar Corolla in ya ga baƙi a jikin soso bayan kuwa an wanke motar tas, ya ce a tsayar da injin nan take, mai yiwuwa an huda kiliya an taɓa launi.

Malamin_Kimiyya:
Wannan shi ne abin da ya fi damuna a maganar nan, ba ma wanne ne farko ba, sau nawa ake yi. Akwai wuraren wanki da duk zuwan da ka yi sai an ce maka Alhaji a yi bofin, wato a bi jikin motar da injin folish, mutum kuma yana jin daɗi don motar na fitowa tana sheƙi. Fentin kamfani gaba ɗayansa tun daga firama, wato shafin farko na ƙasa, har launi har kiliya yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar kaɗai kuma ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Takardar A4 ɗin da ake hoto-kwafi da ita kaurinta kusan maikiron 100 ne, wato kiliyar motarka ba ta wuce rabin kaurin takarda ɗaya ba. Duk folish da aka yi an ɗebe wani abu a ciki kuma ba ya dawowa har abada, kampawun da injin juyi kuwa ya fi ci nesa ba kusa ba. Sannan a cikin kiliyar nan maganin da ke tare zafin hasken rana yake, tana sirancewa kariyar na raguwa, ga ranarmu kun san ta.

Shi ya sa ni a ganina folish abu ne na sau ɗaya a shekara, ko ma ƙasa da haka in ana wanki da kyau. Wakis ne ake maimaitawa, shi ko duk wata biyu ka sa ba abin da zai rage a fentin. Ba dole ba ne duk sanda za a sa wakis sai an yi folish, amma duk sanda aka yi folish dole a sa wakis.

Dillalin_Mota:
Malam ka yi bayani amma mu a kasuwa ba ma iya jiran shekara. Mota ta sauka daga Kwatano ta sha hanya ta sha ƙura dole a yi mata bofin kafin ta shiga layi, in ba haka ba mai saye ko kallonta ba zai yi ba.

Malamin_Kimiyya:
Alhaji wannan sau ɗaya ne ba laifi. Matsalar ita ce ba ka san sau nawa aka yi mata a can kafin ta zo ba, sannan wanda ya saya a hannunka ya ci gaba duk wata. Da akwai ɗan na'urar auna kaurin fenti da ake ɗorawa a jikin mota, ku ma dillalai kuna amfani da ita wajen gane inda aka yi feshi ko aka cika da fila, to ita ya kamata mai bofin ya fara ɗaukowa kafin inji.

Mai_Wanki_Zoo_Road:
Don Allah kar a ɗora mana laifin duka. Ni sana'ata ke nan kuma ina gaya wa kwastoma gaskiya amma wani zai zo da ƙarfe 12 na rana motar ta taso daga Zariya bonet kamar wuta ya ce a wanke a yi folish a sa wakis cikin awa ɗaya yana sauri zai je ɗaurin aure, in ka ce ya bari ta huce sai ya ce zai tafi gaba, to ya za ka yi. Aikin nan in za a yi shi yadda ya kamata yini guda ne, mota ƙarama ma. Kuma a inuwa ake yi jiki a sanyaye, in ka ɗora bayan hannunka ba ka iya barinsa a kai to ba a taɓa ta da komai. A kan jiki mai zafi folish bushewa yake tun bai gama aiki ba ya zama gari, wakis kuma ya ƙame ya ƙi fita sai ka danna da ƙarfi, dannawar nan kuma ita ke kawo sabon zane musamman a baƙar mota.

Ni na fi son a kawo min mota bayan asuba ko a bar ta ta kwana, in fara da sanyin safiya. Da yamma ma ana yi amma duhu yana riskar ka ba ka ga inda ka bari ba.

Baban_Ilham:
Mai_Wanki na fahimce ka, ni ba sauri nake ba zan iya barinta yini. Shi wakis ɗin in an shafa minti nawa ake barinsa kafin a goge? Na ga wasu suna shafe motar gaba ɗaya su tafi cin abinci.

Mai_Wanki_Zoo_Road:
Alhaji ya danganta da irinsa, a duba jikin gwangwanin. Amma dabarar da muke yi ita ce ka shafa siriri sosai, in ya yi hazo-hazo ka ja yatsa a kai, in wajen ya fito fes yana ƙyalli to lokaci ya yi, in ya yi jirwaye ya bar maiƙo ka ƙara masa ɗan lokaci. Yawanci minti biyar zuwa goma ne, a hunturu da iska ta bushe ma ba ya kaiwa. Ni ƙofa biyu nake shafawa in dawo in goge ta farko. Kuma lafta shi da yawa ba ya ƙara komai sai wahalar gogewa, abin da ke manne wa fentin ɗan kaɗan ne sauran a tsumma yake ƙarewa.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni batun hunturun nan nika so a tsaya a kai don nan wajenmu ƙurar ta fi taku. Ra'ayina kar ya yi folish yanzu. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris kullum da safe za ka tarar da mota ta yi fari da ƙura, kuma ko ka hana sai wani ya sa tsumma ya kaɗe ta a bushe, layikan nan da ya biya kuɗi aka fitar kafin wata biyu sun dawo. Ya wanke ta da kyau ya sa wakis kawai ta ratsa hunturu da shi, in ƙura ta kwanta sai ya yi folish ɗinsa sau ɗaya ya sake sa wakis ya shiga bazara da damina.

Injiniya_KD:
Dan_Maradi akwai hikima a maganarka amma ban yarda duka ba. Wakis ya fi kamawa ya fi daɗewa a kan fentin da aka gyara, in ka ɗora shi a kan fentin da ya dushe ba ya jimawa. Kuma wata huɗu mutum na yawo da mota a dushe don tsoron ƙura? Maganin ƙura a daina goge ta a bushe, a watsa ruwa tukuna. In zai iya kiyaye wannan ya yi aikinsa yanzu cikin Oktoba, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta sauko ba, ni a wajena babu lokacin da ya fi wannan a shekara.

Dan_Maradi:
In zai iya kiyayewa ka ce. Gidan da ke da yara da almajirai masu son taimako ba ka iya tsare mota awa 24 ba Injiniya.

Maman_Afnan:
Wlh gaskiyar Dan_Maradi ne, ni maigadinmu don kyautatawa yake yi kullum da sassafe ya goge ta da tawul, na yi magana har na gaji.

Dan_Sakkwato:
Mu nan matsalarmu ba ƙura kaɗai ba ce, rana ce. Watan Afrilu zafi na wuce 40, baƙar mota in ta yini waje ba ka iya taɓa ta. Na sa wakis na gwangwani mai tsada wanda aka ce na kanoba ne, bai yi wata guda ba ruwa ya daina taruwa a kai. Shin jabu aka sayar min ko haka yake?

Malamin_Kimiyya:
Ba lallai jabu ba ne. Kanoba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Brazil, a busar da ganyen a kaɗe garin kakin da ke jikinsa. Shi zallansa yana da tauri, sai zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 86 yake narkewa, amma ba a iya shafa shi zalla sai an haɗa shi da mai da wasu sinadarai don ya yi laushi. Baƙin bonet a tsakar rana irin taku yana iya kaiwa 70 ko fiye, to ka ga ba zai jima ba. Ko a ƙasashen sanyi wata ɗaya zuwa uku ake ba shi. Ku abin da ya fi muku shi ne silant, wato na haɗin sinadari, yana kai wata huɗu zuwa shida. Akwai Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan da suka rubuta wata 12 a gwangwaninsa, ni dai a ranarmu ba zan sa rai da cikar wannan ba amma ya fi kanoba juriya sosai. Collinite 845 ma yana da ƙarko, asalinsa don kayan layin wutar lantarki aka yi shi kafin masu mota su gano shi.

In mutum yana son duka biyun to silant ne a ƙasa, a bar shi ya kama kamar awa 12 zuwa 24 ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, sannan kanoba a sama. In aka juya, silant ba zai kama a kan wakis ba.

Dan_Sakkwato:
Madalla, na gode Malam. Ashe ba a cuce ni ba.

Direban_Sharon:
Tunda ana maganar ƙyalli, mu a tasha wasu kananzir suke ɗan zubawa a ruwan wanki, wasu ma gas, motar ta fito tana walƙiya. Yana da illa?

Mai_Fenti_Panteka:
Yana da ita direba. Ƙyallin maiƙo ne kawai na yini ɗaya, washegari ƙura ta manne a kai fiye da da. Yana wanke duk wakis ɗin da ke jiki, yana busar da robobin gilashi da na ƙofa su tsattsage. In kwalta ce ta manne a ƙasan ƙofa ka ɗiga a tsumma ka cire ta a wajen kaɗai ka wanke da sabulu nan take, wannan ana yi, amma ba a yi wa mota wanka da shi. Omo da sabulun wanke-wanke ma suna rage wa wakis kwana, in ka sa wakis ka nemi shamfu na mota.

Hajiya_Bauchi:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri. An buge min ƙofar baya an gyara an fesa, yau kwana goma. Zan iya sa wakis? Mai fentin bai ce min komai ba.

Mai_Fenti_Panteka:
Hajiya ki dakata tukuna. Wannan shi ne inda jira yake da gaske. Sabon feshi ko ya bushe a hannu akwai tina da ke ci gaba da fita daga cikinsa a hankali, in kika rufe shi da wakis ko silant yana iya dushewa ko ya ƙi yin tauri yadda ya kamata. Kamfanonin fenti suna cewa a jira kwana 30 zuwa 90 gwargwadon irin fentin, ni wata biyu nake ce wa mutanena, in a fili aka fesa ba a obin ba su cika uku. Wanki da ruwa da shamfu ba komai. Folish ma mu muna yi bayan kwana ɗaya ko biyu don fitar da ƙurar da ta faɗa cikin feshin, da kampawun ɗin G3 na kamfanin Farecla da ɗan ruwa sannan mu bi da mai laushi, amma wannan aikin mai fenti ne kuma babu wakis a cikinsa. Sauran jikin motar da ba a fesa ba ki sa abinki, ƙofar kawai za a tsallake.

Sabuwar mota daga kamfani kuwa ba ta da wannan, su a zafin da ya kai wajen digiri 140 suke gasa bodin tun ba a ɗaura roba da waya ba, kafin ta iso hannunka ya gama kamawa.

Baban_Ilham:
To ni bambata ta fi shekara da feshi, ke nan ba matsala.

Mai_Fenti_Panteka:
Babu, sai dai a bi ta a hankali da inji, roba ce ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, fentin kanta saurin ƙonewa yake.

Injiniya_KD:
Wani abu da ban ga an taɓo ba, tsakanin folish da wakis a goge jikin da sifirit irin wanda ake kira IPA (isopropyl) da aka sirka da ruwa sosai. Folish yana barin mai a fenti, man nan yana cike ƙananan layika ka ɗauka sun fita alhali suna nan, bayan wanki biyu su bayyana. In ka goge sai ka ga gaskiyar aikin kafin ka biya.

Mai_Wanki_Zoo_Road:
Injiniya in silant ko seramik, wato wani shafin kariya mai tauri, za a sa na yarda dole ne, ba sa kamawa a kan mai. Amma wakis na gwangwani shi kansa mai ne a cikinsa, ni ban taɓa ganin ya ƙi zama don ba a goge da sifirit ba. Kuma ina tsoron a faɗi haka wani ya je ya ɗauko tina ko fetur ya ce ai duk ɗaya ne.

Injiniya_KD:
Wannan tsoron naka daidai ne. Tina kam ko kusa. Ni don dubawa na fi yin sa, ko a bonet kaɗai.

Dillalin_Mota:
Abin da Injiniya ya faɗa na cike layi gaskiya ne kuma a kasuwa ana yi, akwai man da aikinsa ke nan ya ɓoye zane na ɗan lokaci. Shawarata ga mai sayen mota ya duba ta a rana ba a rumfa ba, in da hali bayan an wanke ta.

Dan_Jos:
Ku kuna ta hunturu mu nan damina ce ke cin wakis, ruwa kusan kullum daga Mayu har Satumba ga jar laka. Ni kafin ruwan farko nake sawa in sake a tsakiyar damina. Yadda nake ganewa in na watsa ruwa a bonet ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa to yana nan, in ya baje ya kwanta to ya ƙare. Sannan ku kula da ruwan burtsatse, in ya bushe a jikin baƙar mota a rana yana barin ɗigo-ɗigo fari da wani lokaci sai folish ke fitar da shi, a tsane motar da wuri kafin ya bushe da kansa.

Tsohon_Direba:
Da ajiye mota ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro. Inuwar da daɗi amma kashin tsuntsu da na jemage in ya yini a rana yana cin kiliya ya bar tabo, wakis yana ɗan ba ka lokaci ne kawai ba ya hanawa. Ka gani ka jiƙa shi ka ɗauke, kar ka kankare.

Baban_Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi gwajin ledar da Injiniya ya ce, bonet da rufin duk tsakuwa-tsakuwa ne, ƙofofin da sauƙi. Na kuma lura a rufin wajen gilashin baya akwai wani ɗan wuri kamar tafin hannu da ya yi fari-fari gefensa kamar zai ɓare. Shi ma folish zai gyara?

Mai_Fenti_Panteka:
A'a yallaɓai, wannan kiliyar ce ta fara mutuwa, kar a kusance shi da inji zai ƙara buɗewa ne. Maganinsa feshin rufin. Kuma tunda rufin ya nuna haka to bonet da but ma a bi su da mai laushi, a gwada a ɗan wuri ƙarami tukuna a gani in ya isa, kar a fara da kampawun. A manna maskin tef a kan robobi da bakin ƙofofi don a gefe fenti ya fi siranta. In injin da ke wajen mai juyi ɗaya ne irin na masu fenti ka tabbatar hannun da ya saba ne zai riƙe, in ba haka ba zai bar maka wasu inuwoyi masu walƙiya a baƙin fentin da suka fi layikan yanzu muni. Mai karkarwa ya fi aminci ga wanda bai ƙware ba.

Dan_Maradi:
To ka gani, tunda har rufin na son feshi ni sai in ce ya haɗa duka bayan hunturu, feshi a cikin ƙura ma ai wahala ne sai in akwai ɗaki rufaffe.

Injiniya_KD:
Feshin rufin ya jira na yarda. Amma bonet da ƙofofi me zai hana a yi musu yanzu a rufe da silant? Ba sa jiran rufi.

Maman_Afnan:
Ni dai na samu abin da zan gaya wa maigadi, ruwa tukuna kafin tawul. Wane irin tsumma ne ya fi, na ga ana sayar da wasu masu laushi a danja?

Mai_Wanki_Zoo_Road:
Maikirofaiba Hajiya, amma na danja wasu gefensu akwai ɗinki mai kaifi, ki duba ki cire lambar da ke jiki. Ki ware na jiki daban na taya daban, kuma a wanke su su kaɗai kar a haɗa da kayan gida.